Shagon gyaran sadarwar wasannin gem a Katsina: abin da ya iya da inda ya gaza

Masu gyaran PlayStation da Xbox ba su yi ƙaranci a Katsina ba, amma akasarinsu aikinsu ya tsaya ne a kan abin da ido ke gani, kamar fanka da ta cika da ƙurar hunturu, ko ƙofar HDMI da ta karye, ko fad ɗin da sandarsa ta fara ja gefe guda. Mutumin da na'urarsa ke lafiya lau, datarsa na nan, yana kallon YouTube ba tangarɗa, amma ya kasa shiga wasa ɗaya da ɗan'uwansa, da wuya ya sami mai saurarensa, domin amsar da aka saba ba shi ita ce sabis ne ba kyau, ya yi haƙuri ya jira. Akwai wani ƙaramin shago a wajejen Ƙofar Ƙaura da ya mayar da wannan matsala sana'a, yana kuma zuwa har gida ya duba, kuma aikinsa ne nake son in yi bayani a kai, domin na ba shi aiki na ga yadda yake yi.

Ni da ƙanina da ke zaune a Daura muna buga Elden Ring tare, wani lokaci kuma mu haɗu da abokai a GTA Online ko a Clubs na wasan ƙwallon EA Sports FC. Wasan ƙwallon yana shiga, sai dai yana jan ƙafa. Sauran biyun kuwa su ne abin takaici: kowannenmu zai shiga asusunsa, zai ga ɗan'uwansa a kan layi, amma da zarar an zo haɗuwa sai a ce an kasa, ko a haɗu na ɗan lokaci a sake rabuwa. Tsakanin Katsina da Daura tafiyar kusan kilomita 80 ce, don haka abin da na fara zargi shi ne ƙarfin intanet ɗin gidana.

Abu na farko da ya burge ni game da mai shagon shi ne bai taɓa rauta (na'urar da ke raba intanet a gida) ba sai da ya gama tambayoyinsa. Ya tambayi sunan kowane wasa, da saƙon da yake fitowa a allo idan haɗuwar ta gaza, da lokacin da muka fi yin wasa, da irin layin da ni da ƙanina muke amfani da shi. Dalilin tambayar sunan wasan shi ne wasannin haɗin gwiwa ba hanya ɗaya suke bi ba. Wasu, irin su Call of Duty Mobile da PUBG Mobile da Clubs, kowane ɗan wasa yana haɗuwa ne da sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsa, ita kuma ta riƙe wasan gaba ɗaya. Wasu kuma, irin su Elden Ring da GTA Online, sabar kamfanin tana gabatar da 'yan wasa ga juna ne kawai, daga nan sai na'urorin su riƙa magana kai tsaye a tsakaninsu. A iri na farko, na'urarka ce take fita neman saba, kuma kusan kowane layi yana barin fita. A iri na biyu, dole ne saƙo daga na'urar wani ya iya shigowa ya same ka, kuma a nan ne layukan waya suke kawo cikas. Da ya ji cewa wasan ƙwallo yana shiga amma sauran ba sa shiga, sai ya ce mini: "Yallaɓai, ba ƙarfin sabis ba ne, ƙofar shigowa ce a rufe. Bari mu duba NAT."

NAT shi ne tsarin da ke tara na'urori da yawa a bayan adireshin intanet guda, kuma nau'insa ne ke nuna ko saƙo daga waje zai iya shigowa. Gwajin da ya yi kowa zai iya yinsa, domin yana cikin saitin sadarwa na na'urar. PlayStation tana nuna nau'i na 1 ko na 2 ko na 3, Xbox tana kasa su gida uku daga buɗaɗɗe zuwa matsakaici zuwa tsattsaura, daidai da na 1 da na 2 da na 3 ke nan, Nintendo Switch kuma tana amfani da haruffa daga A zuwa F. Ƙa'idar ita ce buɗaɗɗe yana haɗuwa da kowa, matsakaici yana haɗuwa da irinsa da kuma buɗaɗɗe, tsattsaura kuwa ba ya haɗuwa sai da buɗaɗɗe. Tawa ta nuna nau'i na 3. Ya sa na kira ƙanina ya yi gwajin a can Daura, shi ma nau'i na 3. Biyu masu tsauri ba za su taɓa zama tare cikin natsuwa ba, ko da kowannensu yana sauke fim cikin minti biyu.

A daidai wannan gaɓa ce na fahimci cewa mutumin ya san aikinsa, domin mafi yawan shawarwarin da ake yaɗawa suna cewa a shiga rauta a buɗe ƙofofi, kamar 3478 zuwa 3480 na PlayStation ko 3074 na Xbox, shi ke nan magana ta ƙare. Shi kafin ya ɓata lokaci a kan haka, sai ya buɗe shafin rautar ya duba adireshin IP da kamfanin layi ya ba ta, sannan ya kwatanta shi da adireshin da duniya take gani idan an fita intanet daga gidan. Ba su zo ɗaya ba, kuma na rautar ya fara ne da 100, cikin rukunin da ke tsakanin 100.64 da 100.127, wanda aka keɓe tun 2012 domin kamfanonin sadarwa su riƙa raba wa abokan cinikinsu a cikin gida. Ma'anar haka ita ce akwai wata katanga a wajen kamfanin kansa, wadda ake kira CGNAT. Tsohon tsarin adireshi na IPv4 yana da adireshi kusan biliyan 4.3 ne kacal, sun kuma yi wa duniya kaɗan, don haka kamfanonin waya suke tara mutane masu yawa a bayan adireshi guda. Ya kwatanta mini abin da babban gidan haya mai zaure ɗaya: duk wanda ke ciki yana iya fita ya dawo, amma baƙon da ya zo ya yi sallama ba tare da mai gadi ya san da zuwansa ba, ba za a san ɗakin da za a kai shi ba, kuma buɗe ƙofar ɗakinka ba zai sa ya wuce zauren ba. Ya faɗa mini ƙarara cewa wannan katangar ba ta hannunsa, kuma duk wanda ya karɓi kuɗina da sunan zai buɗe ƙofofi a kan layin waya irin wannan, aikin banza zai yi mini. Mai sana'ar da zai bayyana iyakar ikonsa kafin a yi cinikin kuɗin aiki ya cancanci a yaba masa, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa nake ganin shagon ya fi sauran.

Duk da haka akwai abin da yake hannunsa, kuma ya yi shi. A gidana MiFi ce take karɓo sabis, sai na jona mata wata rauta domin Wi-Fi ya kai sauran ɗakuna, wanda hakan ya sa katangun suka zama uku: ta kamfani, ta MiFi, da ta rautar. Ya mayar da rauta ta biyu mai watsa sigina kawai, ya kunna UPnP a kan ta farko domin na'urar wasa ta riƙa neman ƙofofinta da kanta. Bayan haka ya fito da abin da nake ganin shi ne jarin shagon na gaskiya, wato rautarsa ta 4G da layukan dukkan manyan kamfanonin waya, ya riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya yana maimaita gwajin a cikin ɗakina. Kamfanoni ba su tsara katangarsu iri ɗaya ba, wasu suna sassauta ta yadda na'ura za ta nuna nau'i na 2, wasu kuma suna tsaurarawa. Ɗaya daga cikin layukan ya ba da nau'i na 2, kuma ba shi ne wanda ya fi saurin sauke abu ba. Ba zan ambaci sunansa ba, domin mai shagon da kansa ya gargaɗe ni cewa abin yana bambanta daga unguwa zuwa unguwa, har ma daga tsarin data zuwa wani, kuma wanda ya yi kyau a Ƙofar Ƙaura ba lallai ya yi kyau a Ƙofar Marusa ba.

Gyaran ɓangarena kaɗai bai isa ba, tun da matsakaici ba ya haɗuwa da tsattsaura. Sai ya karɓi wayata ya yi magana da ƙanina, ya bi da shi mataki mataki har ya gwada wani layi a can, shi ma ya koma nau'i na 2. Bai ƙara ko kwabo a kan wannan ba. Daga ranar alamar kiran ƙanina ta fara bayyana a Elden Ring, kuma muna kaiwa ƙarshen faɗa da manyan dodanni ba tare da an raba mu ba.

Jan ƙafar da wasan ƙwallo ke yi kuwa wata matsala ce daban, kuma a nan ma ya raba abin da zai gyaru da wanda ba zai gyaru ba. Mutane da yawa suna gwada saurin intanet, su ga lamba mai girma, su ɗauka an gama. Wasa ba ya bukatar sauri mai yawa, domin abin da yake aikawa ƙananan ƙunshin bayanai ne, sai dai yana aika su sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Abin da ya dame shi shi ne lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, wanda ake aunawa da milisakan, da kuma daidaiton wannan lokaci, da yawan ƙunshin da ke ɓacewa a hanya. Saƙon da ya tashi daga Katsina zuwa sabar da ke Turai sai ya fara bin turken sabis, ya gangara Legas tafiyar fiye da kilomita dubu, sannan ya shiga ɗaya daga cikin kebul ɗin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, ko WACS, ko Equiano na Google da ya sauka Legas a 2022. Haske a cikin kebul yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, kuma ba mai ƙara masa gudu, don haka jinkirin da ya haura milisakan 100 zuwa Turai abu ne da ɗan wasa a Katsina zai zauna da shi. Ya tuna mini da ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da WACS da ACE da MainOne da SAT-3 suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, intanet ya rikice a ƙasashe da dama, ya ce a kwanakin ya mayar da masu kawo masa na'urori gida, domin ba abin da ya lalace a cikinsu.

Abin da zai gyaru shi ne tsalle-tsallen jinkirin. Ya jona kwamfutarsa ya bar ta tana aika saƙon gwaji na tsawon mintuna, muna kallon lambobin suna sauka a jere. Suna tafiya daidai, sai kwatsam su ninka sau uku ko huɗu, su sake dawowa. Ya nemi a kashe Wi-Fi a wayoyin mutanen gida, nan take tsallen ya ragu. Ashe duk lokacin da wata waya ta fara ɗora bidiyo a WhatsApp ko ajiye hotuna a intanet, hanyar fita takan cika, saƙonnin wasa su tsaya a layi. Ya sa wa sauran na'urori iyaka a cikin rauta, ya ba na'urar wasa fifiko. Sannan ya ja kebul daga rautar zuwa PlayStation ɗin, yana mai bayanin cewa kebul na Cat5e yana kaiwa mita 100 ba tare da ya rasa ƙarfi ba, alhali Wi-Fi na 2.4 GHz yana raba fili da rautocin maƙwabta da kuma Bluetooth ɗin da fad yake amfani da shi, na 5 GHz kuma, duk da ya fi tsabta, ba ya ratsa bangon bulo da kyau. Cikin duk abin da aka yi a gidan, wannan kebul ɗin ne ya fi arha, kuma shi ne na fi jin bambancinsa a hannuna lokacin wasa.

Wajen ajiye rauta ma bai yi la'akari da sandunan sigina da ke jikinta ba. Ya buɗe shafin da ke nuna ƙarfin siginar da kuma tsabtarta daga hayaniya, wato lambobin RSRP da SINR, ya riƙa zagayawa da ita har ya sami tagar da ke fuskantar turken sabis. Ya kuma hana ni ajiye ta inda rana ke bugawa ko a kan akwatin talabijin, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina yana haura digiri 40, kuma rautar da ta yi zafi takan rage aiki ko ta kashe kanta. Ya ba da shawarar a haɗa ta da ƙaramin batir, saboda idan aka ɗauke wuta ta mutu, ko da janareta ya tashi cikin minti ɗaya, an riga an fitar da kai daga wasan.

Akwai abubuwan da na tambaye shi ya ƙi sayar mini da su. Canza DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa, zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare yana iya taimakawa idan na'ura ta kasa gano sabar shiga asusu, amma da zarar wasa ya fara ba ya rage jinkiri ko kaɗan. Rage lambar MTU, wato iyakar girman ƙunshin bayanai, daga 1500 ba magani ba ne sai a yanayi na musamman. Manhajojin da ake tallatawa da sunan rage jinkiri kuwa galibinsu VPN ne, suna sauya hanyar da saƙo ke bi, wani lokaci a dace, sau da yawa kuma a ƙara nisa. Da na kawo maganar Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ya ce yana iya kawar da matsalar cunkoson turke, amma tsarinsa na gidaje shi ma a bayan CGNAT yake, don haka kada in kashe kuɗi mai yawa da zaton zai ba ni nau'i na 1.

Ya kuma bi ta kan ƙananan abubuwan da ba su shafi sabis ba amma suna hana haɗuwa: sigar wasan ta zama ɗaya a na'urorin biyu, kalmar sirrin haɗuwa a Elden Ring ta zama iri ɗaya harafi da harafi, kwanan wata da agogon na'ura su zama daidai, kuma kowa yana da PlayStation Plus mai rai idan wasan ba na kyauta ba ne. Tun da Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, yawancinmu asusun Amurka ko na Ingila muke da shi, kuma katin da aka saya dole ya dace da ƙasar asusun. Ya kashe mini sabuntawar da ke sauka da kanta, domin ita ce ke cinye gigabait masu yawa, ba wasan ba, kuma tun bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga aljihu.

Shagon yana da gazawa, kuma wasu daga cikinsu suna da nauyi. Mafi girma ita ce lokacin da suke zuwa gwaji. Da rana suke aiki, lokacin da turakan sabis ke da sauƙi, alhali yawancin masu wasa bayan sallar Isha'i suke zama, daidai lokacin da kowa a unguwa yake kan wayarsa. Lambobin da na gani da hantsi ba su ne nake gani da dare ba, kuma layin da aka zaɓa mini, ko da yake ya riƙe nau'i na 2, yana yin nauyi tsakanin Magariba da ƙarfe goma sha ɗaya. Wanda ya san cunkoso sarai kamar mai shagon bai kamata ya yanke hukunci a kan gwajin rana kaɗai ba.

Ta biyu ita ce ba sa barin komai a rubuce. An sauya saiti da dama a rauta, amma ba a ba ni takardar da ke nuna abin da aka taɓa ba, don haka idan rautar ta koma saitin kamfani sai an sake kiransu. Haka kuma babu farashi a bayyane, ciniki ake yi da baki, kuma hakan yana sa mutum zargin ana duban fuskarsa kafin a yanka masa. Kuɗin da na biya bai kai na sabon fad ba, kuma ban ga an cuce ni ba, amma allon farashi a bango zai kawar da wannan shakka. Yaron shagon, wanda ake turowa idan maigidansa ba ya nan, yana da ladabi da himma, sai dai hannunsa yana saurin zuwa ga goge saitin rauta gaba ɗaya kafin ya fahimci matsalar, don haka ya fi kyau mutum ya nemi maigidan da kansa a zuwan farko. Kebul ɗin da suke sayarwa ma iri biyu ne, akwai na jan ƙarfe zalla, akwai na alminiyam da aka shafe da jan ƙarfe, kuma ba sa faɗin bambancin sai an tambaya.

Abin da ya fi damuna shi ne sakacinsu da tsaro. Sun bar kalmar sirrin shafin rautar a yadda ta zo daga kamfani, wadda duk wanda ya hau Wi-Fi ɗin gidan zai iya zato. Kuma yaron ya nemi in karanto masa kalmar sirrin asusuna domin ya shiga ya gwada. Ban ga alamar mugun nufi ba, al'ada ce kawai ta masu gyara, amma asusun da aka zuba wa kuɗin wasanni na shekaru ba abin miƙa wa kowa ba ne. Mai na'ura ya shigar da kalmarsa da hannunsa, ya kunna tabbatarwa ta mataki biyu, ya kuma sauya kalmar rautar da zarar sun tafi.

Ƙwarewarsu ta fi ƙarfi a PlayStation da Xbox da wayoyi. Wanda ke son buɗe sabar Minecraft a kwamfutarsa domin abokai su shigo ta ƙofa ta 25565 zai ci karo da katangar kamfani iri ɗaya, kuma maganinsa manhajoji ne irin su Tailscale ko ZeroTier da ke haɗa kwamfutoci kamar suna gida ɗaya, amma da na yi tambaya a kan haka na lura ba fannin da suka saba da shi ba ne. Wanda zai kira su ya ɗauki hoton saƙon da ke fitowa a allo, ya san nau'in NAT ɗinsa da na abokin wasansa, ya tabbatar abokin yana kusa da na'urarsa a lokacin domin a gwada ɓangarorin biyu tare, sannan ya nemi a tsayar da ziyarar bayan Isha'i ko da za a ƙara masa kuɗin mai, kuma kada ya sayi tsarin data na wata guda a sabon layi sai ya gwada ƙaramin tsari na 'yan kwanaki da dare.